Labarina na makashi ya maƙale a babi na 14, dan Allah ku ba ni shawara

Maman Hanan, Jidda

Assalamu alaikum 'yan gidan nan, barkanmu da dare. Dan Allah marubuta da masu karatu ku taimaka min, yau kwana goma sha ɗaya ban iya ƙara ko layi ɗaya ba, abin ya tsaya min a rai har barcin kirki ba na yi.

Wata huɗu kenan ina sakin wani labari a guruf ɗinmu na WhatsApp, feji biyu a sati, Litinin da Alhamis, kuma wannan ne karo na farko da na ajiye soyayya na taɓa labarin tsoro. Tauraruwar sunanta Indo, shekararta 38, an yi tarhil ɗin mijinta, wato an kama shi an mayar da shi gida, shekara shida da suka wuce ya bar ta da yarinya 'yar shekara tara a ɗaki ɗaya cikin wani hosh, gidan haya mai ɗakuna da yawa, a unguwar Gulel. Sana'arta duk wanda ya zauna Jidda ya san irinta, kafin kiran assalatu take fita da arabiyyarta, tsohon keken jarirai ne da ta ɗaure ƙafarsa ɗaya da waya, tana bin duro-duron shara tana tsintar kwali da gwangwanin lemo ta kai a auna a biya ta. Ba ta da igama, wato takardar izinin zama, yarinyar ko takardar haihuwa ba ta da ita. Na ɗora labarin a lokacin rusau, daga ƙarshen 2021, sanda ake bin gidaje ana fesa kalmar ikhla, wato a tashi, da jan fenti, a yanke wuta, mutane na loda katifa da na'urar sanyaya ɗaki a mota kowa ya kama gabansa, maƙwabcinka na shekara ashirin ka wayi gari ba ka san inda ya nufa ba.

Wata asuba ta ga wani mutum yana sauke naɗaɗɗen kafet daga bayan wanet, wato motar a-kori-kura, a ƙofar wani gida da aka riga aka tashi, kafet ɗin ya ɗan warware sai ga ƙafa da jan lalle. Ya ɗago suka haɗa ido. Bai bi ta ba, bai ce uffan ba, hannu kawai ya ɗaga mata irin gaisuwar maƙwabci. Bayan kwana biyu ta tarar da takardar riyal 50 a ƙasan arabiyyarta an naɗe ɗan kunne guda ɗaya a ciki, kuma ta gane shi, na wata mai sayar da gyaɗa da habhabo ('ya'yan kuka) ne a ƙofar makaranta wadda kowa ke cewa jawazat, jami'an shige da fice, ne suka ɗauke ta. Daga nan duk bayan 'yan makonni sai wata hamsin ɗin da wani abu a ciki, zobe, maɓallin abaya. A babi na 9 ya kira ta a waya ya yi shiru tana jin numfashinsa. A babi na 14 abin da ta tarar cikin kuɗin ribom ɗin kan 'yarta ne, wanda ita da hannunta ta ɗaura mata da daddare, ga yarinyar kuma kwance tana barcinta lafiya lau.

To nan na tsaya. Rabin masu karatuna a Kano da Kaduna da Maraɗi suke, kuma kullum kwamen ɗinsu ɗaya ne, wai wace irin sakarai ce wannan, ta je wajen 'yan sanda mana. Wata har cewa ta yi labarin bai shiga hankali ba ta daina karantawa, wallahi maganar ta yi min ciwo don ni na san matan da na kalla na rubuta Indo. Wasu kuma sun ce in fito da makashin in ba shi babi nasa su ji me ke cikin kansa. Babbar damuwata ita ce ƙarshe, ta ina mace irin wannan za ta fita ba tare da na yi wa mai karatu wayo ba? Ba na son a ce kwatsam ga wani jarumi ya faɗo daga sama, ba na son kuma in kashe ta.

Ummita, Riyad

Anti Maman Hanan ni ina cikin guruf ɗin kuma wallahi daren da na karanta fejin ribom ɗin nan sai da na tashi na duba ƙofa sau biyu, madam ɗina ma ta fito tana tambayata lafiya. Ni dai roƙona kar ki mayar da shi aljani, an cika yi mana haka, labari ya yi daɗi sai a ƙarshe a ce ai mutanen ɓoye ne a kira mai ruƙiyya shikenan. Kuma kar ki ba shi babi nasa. Yanzu da ban san shi ba duk namijin da ya gifta a labarin tsoronsa nake, har mai baƙala, wato mai shago, da yake ba ta bashin burodin tamis. Ranar da na shiga kansa na ji wai kishiyar uwa ce ta gallaza masa yana yaro, tsoron ya tafi.

Abu Sadik, Makka

Wa alaikumus salam. Ƙanwata kar maganar mutanen gida ta ɓata miki rai, gaskiyarsu ce a wani fannin. Wanda yake Fagge ko Tudun Wada bai san me kalmar tarhil take yi wa hanjin mutum ba, ke kin sani shi ya sa kika ɗauka kowa ya sani, kika faɗa a layi ɗaya cewa ba ta da igama kika wuce. Layi ɗaya ba zai ɗauki nauyin babi goma sha huɗu ba. Ki koma baya ki nuna musu ranar da aka kama mijin. Shekarata 26 ina tuƙi tsakanin Makka da Jidda, a gabana aka yi kamen Nuwamban 2013, a gabana aka yi na 2017 bayan wa'adin afuwar nan ya ƙare. Abin da ba ya fita a raina ba kukan ba ne, takalma ne. In an gama kame a Shara Mansur sai ki ga silifas a warwatse a kan titi ɗai-ɗai, da farantin balila a kife, kowa ya rufe ƙofa. Mutum ya fita sayen burodi da jallabiyar barci sai dai a ji shi a Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar gida, a ɗauki basmarsa, wato zanen yatsunsa, ya jira takardar tafiya daga ƙaramin ofishin jakadanci, jirgi ya sauke shi a Kano da kayan jikinsa. Ki sa Indo ta tsaya da wayar a hannu ta danna 911 har lamba biyu, sai ta kalli yarinyar da ba ta taɓa ganin Najeriya ba, ba ta da takardar da ke cewa 'yarta ce. Gaba kura baya siyaki. In mai karatu ya ga wannan da idonsa ba zai sake ce mata sakarai ba.

Sai gyara guda biyu, ki yi haƙuri. Kiran wayar nan na babi na 9 ki san yadda za ki yi da shi. Tun 2016 ba a sayar da shariha, wato layin waya, a ƙasar nan sai da basma, duk layin da ke aiki akwai sunan wani a kansa, mutum mai wayon da kika zana ba zai kira da layinsa ba, in kuma da layin wani ne to wannan wanin ƙofa ce da kika buɗe, dole ki koma ki shiga ta. Na biyu kamara. Baƙala, gidan mai, kusan ko'ina akwai ta. Saboda haka makashinki ba zai zama baƙon da ke laɓe-laɓe ba, sai dai mutumin da kamara ta saba gani kullum da asuba har ba wanda zai tsayar da hoton ya duba. Su wa ke yawo a hara, wato cikin unguwa, ƙarfe huɗu na dare ba a tambayarsu? Mai tankar ruwa, mai raba burodi, masu sayen sikirab, wato tsofaffin ƙarafa, lokacin rusau kuwa su suka fi kowa yawa, suna cire ƙofofi da tagogi da wayar wuta daga gidajen da aka tashi, wanet ɗinsu a ƙofar kango ba abin mamaki ba ne. Ban ce ki ɗauki ɗaya daga cikinsu dole ba, amma ki tambayi kanki wa ke taɓa arabiyyarta ba tare da ta ji komai ba.

Tambayar da na fi son ki amsa min ita ce wannan: hamsin ɗin farko, ta kashe ta ko ba ta kashe ba? Don in kuɗin haya ya matse ta ta miƙa wa mai gida ita, to ya gama ɗaure ta, ba sai ya nuna mata wuƙa ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ita da kanta za ta riƙa jin ta zama abokiyar laifi, ta je gaban shurɗa, wato 'yan sanda, ta ce me, ta karɓi kuɗi sau uku ta yi shiru?

Hajiya Ummu Usama, Makka

Ni kam 'yata ban ji daɗin labarin nan ba kuma gara in faɗa miki a gabanki. Shekarata 41 a garin nan, a Jarwal na yi aure a Hosh Bakar na aurar da 'ya'yana. Kin san sunan da ake kiranmu da shi, kin san in an yi sata a kasuwa fuskar wa ake fara kallo, sai kuma 'yar cikinmu ta ɗauki alƙalami ta rubuta cewa a unguwar takaru ana yanka mata ana naɗewa a kafet ba mai magana. Gobe wani ya ɗauka ya karanta a YouTube mutanen gida su ce ashe haka suke zaune, dama can suna cewa bara da bola muka zo yi. Me ya hana ki rubuta masu koyar da allo, da matan da suka yi wankau da gugar mutane suka gina gida a Kurna suka kai iyayensu Hajji? Kuma makashin nan ɗan wace ƙasa ne? In kin ce namu ne kin zage mu, in kin ce na wasu ne kin ɗauko faɗa da maƙwabta, mu da muke cin abinci kwano ɗaya da 'yan Chadi da 'yan Barma da Yamalawa. Ki yi tunani.

Maman Hanan, Jidda

Hajiya na gode, kuma wallahi ban ɗauki maganarki da wasa ba, uwa ce ta faɗa. Amma ki bar ni in faɗi nawa. Mahaifiyata da arabiyya irin wannan ta ciyar da mu mu biyar a Sabil, hannunta har ta rasu akwai tabon gwangwani a kowane yatsa. Ban taɓa karanta labarin da mace irinta ce tauraruwa ba, kullum 'yar mai kuɗi ce ko 'yar aikin da ɗan mai gida zai aura. Ba don in tona mana asiri na rubuta ba, so nake wanda ya wuce ta a mota ya san akwai mutum a cikin baƙar abayar nan. Maganar ƙasarsa kuwa har yau ban faɗa ba kuma ba zan faɗa ba, Larabcin hara yake yi irin wanda kowa ke yi.

Yaya Abu Sadik, ta kashe hamsin ɗin. A babi na 4, maganin zazzaɓin yarinyar ta saya da ita, na rubuta na wuce ban san abin da na riƙe a hannuna ba sai yanzu da ka faɗa.

Ɗan Mai Wurno, Madina

Salam. Yaya Maman Hanan ni ɗalibi ne a nan, ba marubuci ba, amma na karanta tarihin irin waɗannan mutane da Larabawa ke kira saffah, kuma abin da kika gina labarinki a kai shi ne ainihin yadda suke daɗewa ba a kama su ba. Ba wayonsu ne ya yi yawa ba, zaɓen wanda za su kashe suka iya. A Amurka akwai Samuel Little wanda ya amsa da bakinsa cewa ya kashe mutum 93 tsakanin 1970 da 2005, kusan duk mata ne talakawa na gefen titi waɗanda ba mai bin sawunsu, da yawa ma an rubuta mutuwarsu a matsayin hatsari ko shan ƙwaya aka rufe fayil. Sai da ya tsufa a kurkuku sannan aka san yawansu, ya mutu a 2020. Kusa da mu kuma ga Rayya da Sakina a Iskandariyya ta Masar, 'yan uwan juna, su da mazajensu da wasu mutum biyu suka kashe mata 17 daga 1919 zuwa 1920 saboda zinaren hannunsu, suna binne su a ƙarƙashin daɓen ɗakunan da suke haya, kusa da ofishin 'yan sanda na unguwar Labban. Matan nan ba jan su aka yi da ƙarfi ba, sun san su, da ƙafarsu suka shiga. An rataye su a Disamban 1921. Da ɗan gari akan ci gari, shi ya sa nake tare da Baba Abu Sadik cewa ya zama fuskar da aka saba da ita.

A kan wasan da yake yi da Indo, wannan ma yana da asali, kuma nan ne lagonsa. Dennis Rader na garin Wichita ya kashe mutum 10 daga 1974 zuwa 1991, magidanci ne, har shugaban kwamitin cocinsu ya zama, ba wanda ya zarge shi. Ya yi shiru shekaru, sai son a san da shi ya motsa ya koma aika wa 'yan jarida da 'yan sanda saƙonni, a 2005 ya aika da faifan kwamfuta aka bi bayanan da ke ciki aka kai ga cocin da sunansa. Naki ma haka yake, mutumin da ke ajiye ɗan kunne a arabiyya yana bukatar mai kallo. Da so yake ya rufe bakinta ai tun asubar farko ya gama da ita. Saboda haka duk abin da ya ba ta don ya tsorata ta shaida ce yake tara mata da hannunsa, in dai ba ta zubar ba.

Ɗaya kuma daga ɓangaren karatunmu, ko zai yi miki amfani a ƙarshe. Kisan da aka yi ta hanyar yaudara, a jawo mutum yana cikin aminci a kashe shi a ɓoye, sunansa gila. A wajen Malikiyya ba ya cikin kisan da dangi ke da ikon yafewa ko karɓar diyya, haƙƙi ne na al'umma kamar fashi, kuma kotunan ƙasar nan suna yanke hukunci da sunan haddin gila. Ma'anarsa a labarinki, ko matan nan ba su da wani dangi a Jidda da zai tsaya musu a kotu, jininsu bai faɗi ƙasa banza ba.

Hajiya, Allah ya ƙara girma, ni daga Sudan nake. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 shafukanmu na Facebook cike suke da hotuna an rubuta mafƙud, an rasa wane, rabon da a ji shi tun rana kaza. Abin da na gani a danginmu shi ne wanda aka yi ta ambaton sunansa shi ake samun labarinsa, ko da labarin rasuwa ne. Wanda aka yi shiru don kunya ko tsoro shi ke ɓata gaba ɗaya.

Hajiya Ummu Usama, Makka

Na kwana da maganar nan, da asuba na sa jikata ta karanta min labarin tun daga farko har inda kika tsaya. Har yanzu ina nan kan bakana cewa ki sa mutanen kirki a ciki, amma akwai wani kuskure da kika yi wanda ya fi na wayar girma, kuma ba namijin da zai gano shi.

Kin ce mata uku sun ɓace kowa ya ce tarhil ne aka yi shiru. 'Yata ba haka muke ba. Wadda aka yi tarhil ɗinta tana kira. Ko daga Shumaisi ta ari wayar wata, ko ranar da ta sauka Kano, in ta daɗe sati uku za ki ji muryarta a WhatsApp tana cewa a sayar min da firij, a karɓo min kuɗina wajen wance, a kula min da yara. Kuma wa take fara kira? Ba mijinta ba, uwar adashi. Shekara 30 ina riƙe da adashi, ban taɓa ganin macen da ta zuba wata bakwai aka kama ta ta manta da kwasarta ba, wata tana filin jirgi ma take kira. To matan nan naki masu sayar da gyaɗa da tsintar kwali ba wadda ba ta cikin adashi, don ba su da banki, adashin shi ne bankinsu. Ina uwar adashinsu a labarin? Ita ce za ta buɗe littafinta ƙarshen wata ta ga suna uku sun daina zubi, ta jira kira ba kira, ta aika Kano a tambayi dangi su ce ai mu ma rabonmu da ita tun Rajab muna zaton tana wajenku. Ranar nan za ta san ba tarhil ba ne. Ba sai kin kawo jarumi daga sama ba, tsohuwa ce da tabarau da littafi mai bangon leda.

Ita kuma uwar adashi ta san kowa. Ta san limamin masallacin hara, ta san umda, wato mai unguwa, ta san gidajen Hausawi da Fallata da Barnawi waɗanda kakanninsu suka zo da ƙafa suka zama 'yan ƙasa, 'ya'yansu na aikin gwamnati, suna zuwa mana biki muna zuwa musu gaisuwa. Wanda zai shiga ofishin shurɗa da katinsa a aljihu ba tare da gabansa ya faɗi ba, ita za ta nemo shi. Indo aikinta ɗaya ne, ta iya buɗe baki ta faɗa wa mace 'yar uwarta, ta kwance ƙullin ta zube ɗan kunnen da zoben a kan tabarma.

Abu Sadik, Makka

Hajiya ta gama magana, wannan ko ni ban hango shi ba. Abu ɗaya zan ƙara ƙanwata, kar daɗin ƙarshe ya ɗebe ki ki ce an ba ta igama tukwici an ba 'yarta makaranta, duk wanda ke nan zai ajiye wayar ya ce ƙarya ne. Ita kaɗai ta ga fuskarsa, dole a neme ta ta yi bayani a gaban niyaba, wato masu gabatar da ƙara, kuma ta san da ta shiga za a nemi basmarta. Ki bar ta ta shiga tana sane da abin da zai iya biyo baya. Ta kwana tana haɗa kayan yarinyar a jaka ɗaya, ta damƙa wa tsohuwar lambar ƙanwarta ta Kano.

Maman Hanan, Jidda

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, tun bayan la'asar nake rubutu hannuna har rawa yake. Zan koma in saka ranar kamen mijin a matsayin tunani a babi na 15, uwar adashin kuma ashe tana nan, na ambace ta sau ɗaya a babi na 2 tana yi wa Indo faɗan jinkirin zubi, yanzu zan dawo da ita. Ummita ba zai samu babi ba, kin ci nasara. Hajiya dan Allah tambaya ɗaya, ina son in rubuta wajen daidai. In mace ta ɓace haka ba ta kira ba, ya kike yi da kuɗinta? Ana raba wa sauran ne, ko ana soke sunan?

Hajiya Ummu Usama, Makka

Ba a sokewa. Ja mata layi nake a ƙarƙashin sunan da jan biro, in cike gurbinta da kuɗina don zagayen ya tafi, nata kuma in ƙulle a leda in rubuta sunan a takarda in saka a ciki. In dangi sun bayyana da shaida in ba su.

Akwai guda ɗaya a ƙasan akwatina tun 2017, riyal 1,800. Mutuniyar wajen Damagaram ce, tana sayar da turaren wuta da asuwaki, ta zuba wata shida saura biyu ta kwasa. Ranar wata Talata ta ce min za ta je Jidda karɓo kaya ta dawo kafin magariba. Na aika garinsu sau uku, na sa an duba asibiti, na tambayi duk wadda ta fito daga Shumaisi a shekarar. Duk Ramadan ina fito da ledar in ƙirga in mayar. Lambarta tana nan a wayata, jikata ta ce in goge don layin an daɗe da ba wa wani, wani Bangali ne ke ɗauka yanzu, ban goge ba.